Jiƙon Gwaggo a Cikin Kafso

Litinin, 12 ga Mayu 1980, bayan la'asar

Kwana goma sha shida ke nan ban yi barcin kirki ba. Ba ciwo nake ba. Zafi ne, kowa ya san bazarar bana a Mafara. Matata Lantana ta ce in je wurin Gwaggo Nagode, ƙanwar mahaifinmu, tunda ita ce mai saiwoyi. Na ce mata ni da na yi aji uku a sakandare, na taso daga karen mota har na mallaki tipa biyu masu jan tsakuwa a aikin dam, ba ni ne zan zauna a gaban ƙwarya ba. Ta ce, "To Maigida, aji ukun ya sa ka barci mana." Na yi kamar ban ji ba.

Husaina, matar Yaya Magaji, tana gidan nan tun makon jiya. Tun Asabar ɗin da aka watsa manoman da suka tare hanyar dam saboda gonakinsu, Yaya bai koma gida ba. Ba gawa, ba labari. Da can in ta gan ni sai ta ce, "Ina mijin nawa ƙarami, Baturen tipa?" Yau ta same ni a zaure ta durƙusa kamar baƙuwa. Ta ce ta je wurin Malam Sirajo, limaminmu, ya ce ba za ta shiga takaba ba sai an sami mai hankali wanda ya gani da idonsa ya faɗa. In ba a samu ba, matar aure ce, sai ta yi ta jira.

Ta ce, "Barau, kai da kas san direbobi, ba wanda yag gani?"

Na ce zan tambaya.

Talata, 13 ga Mayu, da yamma

Na je Maradun. Ba don maganar Lantana ba, dama ina da niyyar gaida Gwaggo. Sabon garin da aka mai da mutanensu saboda dam ba inuwa, rana kamar ta fasa kai. Na same ta tana shanya saiwoyi a kan buhu.

Bayan mun gaisa ta dube ni ta ce, "Idanunka sun zurma, ɗan nan. Mi kag gani da ya hana ka kwana?" Na ce zafi ne, Gwaggo. Ta ce, "Awo. Zahi."

Ta ƙulla mini saiwar gwandar daji, da ɗoɗɗoya, da wani ɗan guntun busasshen ganye. Na tambayi sunansa, ta ce zakami. "Wanga kamar gishiri na cikin miya, ba a cika hannu. Ruwan sanyi za ka jiƙa, kada ka dahwa. Ludayi guda bayan isha. Ka jiya? Guda." Ta ce da can a tsohuwar fadama take cirar kayanta, ta san kowane gindi da ƙarfinsa, yanzu duk suna ƙarƙashin ruwa. Na bakin kanal ɗin ban ruwa kuwa ba ta yarda da su ba, wai sun ƙoshi da yawa.

Ba ta ambaci Yaya ba. Ni ma haka.

Laraba, 14 ga Mayu, da hantsi

Kamar awa biyu na samu. Ɗaci ba a magana.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan azahar

Awa biyu kuma. Awa biyu ai ba barci ba ne, gyangyaɗi ne.

Tipa duka biyu suna tsaye a fili ƙarƙashin dogon yaro, aiki ya tsaya tun ran nan. Na zauna can na yi tunani. A makaranta an koya mana cewa kowane magani akwai abin da ke aiki a cikinsa, saura dusa ne. Maganin zazzaɓi ma daga ɓawon itace aka fara samunsa, Turawa suka tace suka mai da shi ƙwaya. Gwaggo ta san itace, ba na musu, amma ba ta san dalili ba. A cikin ƙullin nan wanda take tsoro shi ne mai aikin. In ɗan guntu ya ba da awa biyu, lissafin ai a fili yake.

Na ga zakami jingim a bakin kanal ta hanyar Bakura, har da 'ya'yansa masu ƙaya.

Asabar, 17 ga Mayu, da la'asar

Na yi. Na dafa zakamin, na ƙafe ruwan, na haɗa da garin 'ya'yan. Na sayi kafso ja da rawaya a kemis, na zazzage abin cikinsu na ɗura nawa. Tsaf a cikin kwalba, ba ɗaci, ba ludayi. Ko a gaban direbobi zan iya haɗiya, ba wanda zai ce Barau ya koma jiƙe-jiƙe.

Husaina ta tambaya ko na tambaya. Na ce ina kan tambaya.

Lahadi, 18 ga Mayu, da hantsi

Alhamdu lillahi. Na rufe ido, na buɗe, rana ta ɗaga. Ba mafarki, ba komai. Har asuba ta wuce ni, na rama.

Lantana ta ce ban kwanta ba, wai na yi ta zagaya ɗaki ina tsintar wani abu a jikin bango. Mata ke nan. In na tashi ai ni zan fara sani. Bakina dai ya bushe kamar na ci gari, na sha ruwa moɗa huɗu.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan azahar

Yaya ya zo.

Ina zaune a filin tipa, na ɗaga kai sai ga shi a kan tsohuwar taya, da shuɗiyar rigarsa, ya naɗe hannun hagu kamar yadda yake yi in zai shiga gona. Ya ce, "Barau, an sako ruwa wajenmu?" Na ce ban sani ba, Yaya. Ya ce albasarsa za ta ƙone. Na juya in ɗauko masa goro a cikin mota, kafin in waiwayo ya tafi.

Ashe yana nan. To ni me na… Allah mai iko. Ido yana yi wa mutum ƙarya, musamman cikin hayaƙi da gudu. Yana nan. Da idona na gan shi yau.

Litinin ɗin dai, da magariba

Na gaya wa Husaina. Ta ce, "Barau, ka ji tsoron Allah, in wasa na ka bari." Na rantse. Ta ce, "To mi ya hana shi shigowa?" Na ce ɓoyo yake, ai ana neman su. Ban san daga ina wannan amsa ta zo mini ba, amma daidai take.

Ta faɗi ta yi sujada a tsakar gida. Da ta ɗago tana dariya tana kuka ta ce, "Kai, Baturen tipa, yau ka biya sadakina!" Lantana kuwa tana ta kallon idona.

Laraba, da rana

Lantana ta ce Alhamis ce. To.

Husaina ta sa lalle. Ta yi hoce, ta ce in kai masa. Na kai, na ajiye a kan taya. Ya zo, amma bai ci ba. Ko ya ci? Kwanon dai na gan shi a ɗaki, ban san wa ya dawo da shi ba.

Rubutun jiya ya yi mini ƙanana, ba na iya karantawa. In na nisanta littafin sai in gani. Tabarau nake bukata, shekaru ne.

Alhamis, ko Juma'a

Na kunna taba, na kai baki, babu komai a hannuna. Na duba ƙasa, na duba riga. Sai na tuna na bar taba shekara shida.

Fitsari yana yi mini wuya. Ba na gumi, duk zafin nan. Lafiyata ƙalau.

Wai jiya na tare mutane a bakin masallaci na ce Magaji na gaishe su. Ban tuna ba. In na faɗa ai gaskiya ce.

Lafiyata ƙalau. Barci nake kamar jariri.

Asabar, 24 ga Mayu, da la'asar

Husaina ta ce yau sai ta gan shi, ko daga nesa. Ta yafa mayafi ta biyo ni filin tipa da kwanon tuwo, ta zauna a gindin dogon yaro tun hantsi. Na ce ta yi haƙuri, yana zuwa.

Wajen azahar ya zo, ya zauna a wurinsa. Na ce, "Yaya, ga Husaina ta kawo maka abinci." Ta miƙe tana waige-waige. Ta ce, "Ina shike?" Na ce ga shi nan a gabanki. Na nuna. Ta dubi inda na nuna, ta dube ni, ta sake duba.

Ta ce, "Barau, taya ta."

Na ce ki gaishe shi mana, kunya kike ji? Ta matsa ta ɗora hannunta mai lalle a kan tayar, daidai inda gwiwarsa take. Ta daɗe a haka. Sannan ta ɗauki kwanonta ta tafi, ba ta yi kuka ba. Shi kuwa yana zaune yana kallona.

Ban gane ba. Ɗayanmu ba ya gani.

Lahadi, da hantsi

Ba mai yi mini magana a gidan.

Litinin, 26 ga Mayu, da yamma

Na je Bakura wurin Yakubu, wanda muka yi aji ɗaya, shi ya zarce ya zama mai ba da magani. Don tabarau na je. Lantana ta biyo ni, ta ce ita ma kanta ke ciwo. Ƙarya take.

Yakubu ya ce, "Sarkin tipa, yau kai ne a bencin marasa lafiya?" Na ce Dakta, idona ne kawai. Ya haska mini tocila, sai dariyar ta ɗauke. Ya ce baƙin idona ya buɗe kamar na mage, haske ma ba ya tsuke shi. Ya taɓa goshina, ya kama hannuna yana duban agogo. Ya ce, "Me kake sha?" Na ce ba komai. Lantana ta kwance bakin zane ta ajiye kwalbar a kan tebur.

Ya buɗe ɗaya ya sansana. Na yi masa bayani dalla-dalla, yadda na tace da yadda na ɗura, na zaci zai yaba. Ya ce, "Barau, Allah ne ya so ka da sauran kwana."

Zan rubuta abin da ya ce tun ban manta ba, da manyan baƙaƙe.

Ya ce ƙwaƙwalwa kamar aikin ruwan nan namu take. Jijiyoyinta ba a haɗe suke ba, tsakanin wannan da waccan akwai 'yar tazara, sai wani ruwa ya tsallaka ya kai saƙo, a can kuma akwai ƙofar da ke karɓarsa. Abin da ke cikin zakami sai ya je ya zauna a bakin ƙofar kamar buhun yashi. Gonakin da ruwan bai kai ba su ne miyau, da gumi, da fitsari, da ƙwayar ido, da wurin da mutum ke ajiye abin da ya faru yau. Ya nuna mini wata 'yar kwalbar allura, atirofin, ya ce ɗan'uwansa ne, daga irin waɗannan tsirrai ake samunsa. "Amma mu da awo muke ba da shi. Kai da girman kai ka auna."

Na ce to barcin da nake samu fa?

Ya ce, "Wane barci? Tambayi Lantana. Tashi kake kana yawo, da safe ba ka tuna ba, sai ka ce ka yi barci. Mantuwa ce kake yi." Ya ce barci hawa-hawa ne, akwai hawan da ake mafarki a cikinsa, wannan abin yana danne shi. Ya ce masu shan zakami sun saba hira da mutanen da ba sa wurin, har da shan tabar da babu.

Ban gaya masa maganar taba ba. Ta yaya ya sani?

Na tambaye shi gwandar daji. Ya ce ƙila tana kwantar da jijiya, bai karanta ba, ba zai yi mini ƙarya ba, amma tsohuwar da ta ce ruwan sanyi, ludayi guda, ta fi mu sanin abin da take tsoro.

Da Lantana ta fita na ce, "Dakta, abin da mutum ya gani kafin ya fara sha fa? Yana gogewa?"

Ya ce, "A'a. Sabo yake hanawa ya zauna. Tsohon yana nan inda ka bar shi."

Talata, 27 ga Mayu, bayan azahar

Akwai uku da na ɓoye a aljihun mota. Na sha ɗaya. Abu ɗaya nake so in tambaye shi.

Ya zo. Bakina ya bushe, harshe ya ƙi juyawa. Ya ce an sako ruwa? Ya tafi.

Laraba, 28 ga Mayu, da la'asar

Lantana ta aika an taho da Gwaggo. Ba ta ko zauna ba. Ta ce, "Ina sauran?" Na ba ta biyun. Ta buɗe su ta zazzage a cikin toka ta taka.

Ta ce, "Na ce maka gishiri na, kai ko kad dahwa tukunya guda ta gishiri ka sha. Boko ta koya maka haka?" Ta ce, "Ni nig goye ku, kai da Magaji. Tun randa kaz zo min nis san ba zahi na ba. Ban tambaye ka ba don ina jiran ka girma. Ga ɗiyar mutane can ɗaki, ba ta da miji, ba ta da mamaci. Kai kaɗai ka iya ba ta guda."

Na tashi na tafi wurin Malam Sirajo. Na ce, Allah gafarta Malam, ina da magana a kan Yaya. Ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Dakata, Barau. Makon jiya ka tare mutane bakin masallacin ga ka ce shina raye, ka rantse. Yau in ka ce wani abu, wanne za ni ɗauka? Shaida sai mai hankali, kai ko garin ga duka ya gan ka kana gaisawa da taya."

Ni. Ni Barau ake gaya wa haka.

Ya ce in bar abin nan kwana bakwai, in yi salloli biyar a sahun farko a bayansa, kullum bayan la'asar in gaya masa ranar da muke da abin da na yi jiya. In na cika, zai saurare ni. Ya ce kada in ce wa Husaina komai kafin nan, ta sha isasshe.

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan asuba

Ɗaya. Ban runtsa ba.

Juma'a, 30 ga Mayu, bayan la'asar

Biyu. Malam ya ce me ka ci jiya da rana? Na daɗe kafin in tuna. Dambu. Ya dubi Lantana da ta rako ni, ta gyaɗa kai. Mutum mai tipa biyu, sai matarsa ta shaida ya ci dambu.

Na bi ta filin. Ban kalli tayar ba. Na kalla. Taya ce.

Asabar, 31 ga Mayu, da hantsi

Uku. Miyau ya dawo. Na yi gumi har riga ta jiƙe, na ji daɗinsa kamar yaro.

Gyangyaɗi ya ɗauke ni bayan asuba, mafarkin ya zo gaba ɗaya, kamar an buɗe ƙofar dam. Yakubu ya ce haka zai yi, abin da aka danne zai taso da ƙarfi. Ba zan rubuta ba. Ba sabon abu a ciki.

Lahadi, 1 ga Yuni

Huɗu. An yi ruwan farko. Bai zo ba. Na san ba zai zo ba, amma na je.

Litinin, 2 ga Yuni, da azahar

Biyar. Yau na iya karanta littafin nan tun daga farko. Akwai shafi biyu da ban san na rubuta ba, layi ɗaya ne ake ta maimaitawa, lafiyata ƙalau, lafiyata ƙalau. Na yage su.

Wani tunani yana damuna. In idona ya nuna mini shi a kan taya alhali ba ya nan, me ya sa zan yarda da abin da ya nuna mini ran Asabar ɗin da aka watsa manoma? Ƙila wancan ne ƙaryar. Na kusa komawa Bakura in tambaya. Amma wancan ba ido kaɗai ba ne. Hannuna ya sani. Rigar da na sa ranar tana ƙarƙashin kujerar mota, ban wanke ba.

Talata, 3 ga Yuni

Shida. Gwaggo ta miƙo mini ludayinta. Na ce a'a, sai na gama. Ta ce, "Yau ka yi magana irin ta ubanka."

Laraba, 4 ga Yuni, bayan magariba

Malam ya zo gida da dattawa biyu. Muka zauna a zaure, mata suna bayan ƙofa. Ya tambaye ni rana da wata, da sunan kowa a wurin. Sannan ya ce, "Bisimilla."

Na faɗa. Asabar ɗin da sassafe na tafi da ƙaramar tipa don in lallashi Yaya ya dawo gida, saboda na ji a bakin direbobi ranar ba za ta yi kyau ba. Na same shi a bakin kwalbati. Ya ce in koma, gonarsa ce ba tawa ba. Muna cikin haka aka fara harbi. Ya faɗo a kan ƙafata. Na ɗaga kansa, na kira shi, na sa kunne a ƙirjinsa, na yi masa kalmar shahada ko da bai ji ba. Babu rai. Daga baya aka kwashe waɗanda suka faɗi, ban san inda aka kai su ba. Na kawo rigata mai jininsa na ajiye a gabansu.

Malam ya yi salati. Ya ce ya karɓa. Ya ce takaba tun daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, abin da ya wuce cikin rashin sani ba laifi a kan Husaina, gobe kuma a yi sadakar arba'in.

Na zaci an gama. Sai muryar Husaina daga bayan ƙofa.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya gare shi."

Malam ya ce ta yi.

"Barau, motar da kaj je da ita, da kaya take?"

Na ce ba kaya.

"Nesa take da wurin?"

Na ce kamar taku ashirin.

Na jira ta tambaye ni abin da ya hana ni ɗauko shi, na shirya amsa, hayaƙi, da gudu, da mutane suna faɗuwa. Ba ta tambaya ba.

Alhamis, 5 ga Yuni, bayan asuba

Husaina ta aiko Lantana. Ta ce in tashi ƙaramar tipa in mai da ita ɗakinta a Maradun, in bi ta bakin kwalbatin, in tsaya ta ga wurin kafin ta shiga ɗaki.

Na zuba ruwa, na duba mai, ta tashi a bugu na uku. Na share kujerar gaba na shimfiɗa mata darduma. Ta fito ba ɗankunne, ba kwalli, ta dubi kujerar.

Ta ce a baya za ta hau.

Na sauke mata murfin baya. Tana can a zaune a kan ƙarfe, tana jirana.